Masanin Asalin Miya

Duk unguwar Coburg, kai har birnin Melbourne baki ɗaya, babu wanda ya kai Mista Warwick Pendle sanin inda kalmomi suka fito. Shi da kansa ya sha faɗa, kuma mai ilimi irinsa ai ba ya ƙarya. Wata shida ya yi yana koyon Latin, harshen Rumawan dā, ta wasiƙa, shekara talatin da suka wuce, amma har yau bai gama rabon abin da ya kwaso ba. Ka ce masa ina kwana, sai ya tare ka ya gaya maka daga bakin wane Barume gaisuwar ta faɗo. Surukansa Kamus suke ce masa, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Abu ɗaya ke ci masa rai. Shekara goma sha tara yana auren Rosaria, amma duk ranar tumatir, ranar da dangi ke taruwa a garejin surukarsa Filomena su haɗa miyar shekara, aikinsa wanke kwalabe ne. Shi da ya taɓa gyara wa tsohuwar Italiyancinta na ƙauye a gaban baƙi!

Bana ciwon baya ya kwantar da Carmelo, ƙanin matarsa, sai duron dafa kwalaben miya ya faɗo hannun Kamus.

Filomena ta dogara sanda har bakin duron. Ta ce, "Saurara, Warwick. Ka jera kwalabe, ka sa tsumma, ka jera, ka sa tsumma. Kada su bugi juna. Wuta kaɗan-kaɗan. Kwalba ɗari da ashirin ce, har da tumatirin lambuna. Ƙafafuna ba za su kai ni baɗi a nan ba, wannan ce ta ƙarshe."

"Mama, kwantar da hankalinki. Kin ma san kalmar sauce, wato miya..."

Ta riga ta juya.

Kamus ya leƙa buhun tsummokaran: yagaggun tawul da tsofaffin singileti na marigayi surukinsa. Ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu. Babu littafin da ya ce Rumawa sun naɗe tulunansu da singileti, don haka ya tura buhun bayan ƙofa. Ya jera kwalabe tsirara, kafaɗa da kafaɗa, ya cika ruwa, ya buɗe gas har ƙarshe don aiki ya yi sauri. Sannan ya juya ga matan da ke tace tumatir. Hannayensu jawur, babu halin gudu. Ya gyara murya.

"Ku da kuke tuƙa miya tun kuna 'yan mata, ba ku san abin da kuke tuƙawa ba. Asalinta gishiri ne! Sal, in ji Rumawa. Daga nan kuka sami salsa, Faransawa suka lanƙwasa ta, Ingilishi ya aro. Salad ma ɗan gidan ne. Ni fa in na ɗanɗana miya, shekara dubu biyu nake ji a harshena."

"Kamus, duronka na magana," in ji wata gwaggo.

"Bari in ƙarasa, Gwaggo Assunta, yanzu na shigo Sifaniyanci."

Duron kuwa bai jira Sifaniyanci ba. Ƙwas, ƙwas, sai tas! Ruwa ya koma ja, ya tumbatso har ƙafar masani. Rosaria ta rafka salati irin nasu ta kashe gas. Da duron ya huce aka tsamo kwalba tara masu rai.

Filomena ta nufi bayan ƙofa. Ta jawo buhun, ta zauna tana ninke singiletin mijinta ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ta ba kowa tausayi, har Kamus ya rasa asalin kalma ko guda.

Da rana aka zauna cin abinci a dogon tebur kamar kowace shekara. Kowa da taliyarsa jawur da ragowar miyar tukunya. Tsohuwar da kanta ta kawo farantin Kamus: taliya fara fat, ko gishiri babu.

Ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ci, ɗana. Ka gaya mata asalin miya, wataƙila ta yi ja."