Ɗan Fari a Gaban Allo

Akwai wani malami a kwalejin garinmu, Malam Ɗayyabu, mai koyar da darasin girman yara da zamantakewar iyali. Mutum ne mai natsuwa, sai dai akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya tun yana yaro. Shi ɗan fari ne, kuma mahaifiyarsa, Hajiya Kulu, irin matan nan ce masu riƙon alkunya kamar farilla. Tun da ta haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, daga "kai" sai "wancan yaron". Ƙannensa kuwa sunansu take rangaɗawa har maƙwabta su ji. Abin na yi masa ciwo, ya dai rasa wanda zai gaya wa ne.

Ana nan sai Hajiya ta buɗe gidan renon yara a unguwa, aka ce sai ta yi kwas ta samo takardar shaida. Ta shiga kwaleji, ƙaddara ta jefa ta ajin ɗanta. Malam ya ce a ransa, faɗuwa ta zo daidai da zama, yanzu dole ta kira shi. Ashe Hajiya ce ta samu sauƙi, don ta tarar kowa "Malam" yake cewa, ita ma ta bi sahu.

Ranar da aka zo babin shaƙuwar uwa da ɗanta, Malam ya sha babbar riga ya shigo da shirinsa. Ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ce masana sun ce yaron da uwarsa ba ta kiran sunansa, ba ta yaba masa, yakan tashi da wani gurbi a zuci wanda ba ya cikewa. Yana magana yana satar kallon bencin baya. A ajin babu wanda bai san tsakaninsu ba. Hajiya kuwa ta duƙufa tana ta rubutu abinta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Da ya ga jifan bai samu ba, sai ya fito fili.

"Hajiya, ke ce babba a ajin nan, kin ga jiya kin ga yau. Ko kin taɓa ganin irin wannan yaron?"

Ta ajiye biro, ta gyara mayafi.

"Na gani, Malam. Na ma san shi ƙwarai."

Murna ta kama Malam. Tarko ya kama, ya ce a ransa.

"Madalla! To faɗa wa 'yan aji, yaya sunansa?"

"A'a, Malam. Ai kai da bakinka ka koya mana makon jiya, ka ce yaron da ake nazari a kansa ba a faɗin sunansa, amana ce. Ko so kake in faɗi jarabawa?"

Wata ɗaliba ta toshe baki da littafi. Malam ya yi gyaran murya. Da mai hankali ne da nan ya tsaya, amma wanda ya daɗe da ƙishi ba ya jin kira.

"To shi ke nan, a bar sunan. Amma ki gaya mana tsakani da Allah, yaya yaron nan ya ƙare? Abin da masana suka faɗa ya same shi ko bai same shi ba?"

Hajiya ta girgiza kai cike da tausayi, ta dubi 'yan aji.

"Wallahi littafinku bai yi ƙarya ba, Malam. Ga furfura a gemu, ga 'ya'ya biyar, amma har yau ƙarar uwarsa yake kaiwa wajen yara."