Namijin Kifin da Ya Yi Ƙwai a Falona

"Iya, ni fa ba musu na zo yi ba. Takarda ta ce maza ne su biyun."

"To ranka ya daɗe, namijin ne ya yi ƙwan? Ko ni ce na shiga ruwan na zuba?"

A haka muke ni da Mai Girma Mai Duba Kifin Talakawa, shekaranjiya da hantsi a tsakiyar falona. Shi da fayil a hammata da sabon bokiti da 'yar koma mai mariƙi, ni da ludayi a hannu, don daga bakin tukunya ya taso ni.

Bari in koma baya kaɗan, kada ku ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Autana mai yankan gilashi ne. Shekara biyu ke nan da ya haɗa akwatin gilashi a falo, ya cika shi da ruwan gishiri. Ba gishirin miya ba, wani ne na musamman da ake aunawa kamar maganin asibiti. Ya saka kifi biyu 'yan mitsi-mitsi, ruwan goro da farar ɗamara uku-uku. Ya kuma saka wani abu wai shi furen teku, tulin yatsu ne masu laushi, kullum suna rausaya. Abin nan dafi gare shi, kifin da ya goge shi ya shiga uku, ban da waɗannan biyun. Su a cikinsa suke birgima kamar sun sami katifa. Yana ɓoye su, suna yi masa gadi.

Da farko cewa na yi wannan ai ɓarnar gishiri ce, kifin da ba a ci. Yanzu kuwa auta yana shago, ni ce mai ba su abinci, kuma na daina kunna talabijin, don gulmar cikin akwatin nan ta fi ta layinmu daɗi.

Da ya kawo su aka ce sai an yi rajista. Kwana uku yaron nan yana layi. Aka tambaye shi maza ne ko mata, ya faɗi gaskiya: irin wannan kifin duk maza ake haihuwarsu, in biyu suka zauna tare, wanda ya fi girma shi ke komawa mace. Ikon Allah! Malamin ofis ya ji rabin farko, ya rubuta maza biyu, ya buga hatimi, ya tafi cin abinci.

Ai kuwa ɗaya ta girma ta yi jiki, ta kama mulki. Na sa mata Gimbiya. Ƙaramin kuwa Bawan Allah, in ta gifta har karkarwa yake yi. Ranar Talata suka share wani dutse a gindin furen, ta zuba ƙwai reras, shi kuma ya tsaya yana yi musu fifita ba ci ba sha. Ni dai mutum ɗaya na gaya wa, maƙwabciyata mai kitso. Ita ma ta rantse kai ɗaya ta gaya wa. Ashe kan matar wani babba ne.

A nan dole in yaba. Kwatar layinmu shekara huɗu ke nan tana ambaliya, mun kai kuka har mun san sunayen masu gadin ofishin, ba wanda ya leƙo. Amma kifi ya yi ƙwai Talata, Alhamis mota ta tsaya a ƙofata, har da direba. Wa ya ce ba a aiki?

Hujjar Mai Girma ita ce, tunda babu mace a takarda, wannan macen ta ɓarauniyar hanya aka shigo da ita, don haka zai tafi da ita bincike.

Na ce, "A wane ruwan?"

Ya nuna bokiti. "Na famfo ne, mai tsabta."

"Au, famfonku yana kawowa? Barkanku. Amma ɗan nan, in ka jefa ta a ruwan nan ba za ta kai bakin titi da rai ba."

"Iya, wannan kuma binciken zai nuna."

Na kira auta a waya, ya ce yana layin mai tun safe, saura mota tara, in ya fita sai dai gobe. "Iya, ki riƙe shi da surutu." Kun ji ɗan albarka, ya san baiwar uwarsa.

Sai ga mai kitso ta faɗo ba sallama, da tsinken tsaga a hannu. "Yaya, lafiya nake jin murya?"

"Lafiya lau, aikin bakinki ne ya zo da bokiti. Zauna ki gani."

Na tambayi Mai Girma iyalinsa, na tambayi ciwon ƙafar mahaifiyarsa da ban taɓa gani ba, na ce na san kakarsa. Bai kula ni ba. Ya naɗe hannun riga ya zura koma. Gimbiya ta dube shi sau ɗaya, ta yi wuf ta shige cikin furen, sai ɗan bakinta kake gani. Ya kai komar zai tura yatsun gefe.

Nan Allah Ya tuna mini da ɗaya takardar da ke ƙarƙashin talabijin. Na ce, "Tsaya! Furen nan kana da izinin taɓa shi?"

Na karanta masa a hankali, da yatsa a kan layi. Ashe tun shekara biyun nan ofishin tsirrai da ofishin dabbobi ke jayayya a kan abin nan. Waɗancan sun ce fure ne, waɗannan sun ce ai yana da baki yana cin nama. Aka kafa kwamiti, aka rubuto mana cewa kada wani mahaluki ya taɓa shi ko ya gusa da shi sai an yanke hukunci. Na ji an ce kwamitin ya je bakin teku a ƙasar waje har sau biyu don ya ga yadda furen ke zama. Shi kuwa furen sau uku yana tashi da kansa ya sauya dutse, da yake bai yi makaranta ba.

Mai Girma ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya. Hatimin da ke kai ya fi nasa girma. Ya ajiye koma, ya ce zai lallaɓo ta da hannu ba tare da ya taɓa kayan wani ofishi ba. Ya zura hannu yana ƙyasta yatsu a ruwa kamar mai kiran kyanwa.

Uwa a kan ƙwanta! Gimbiya ta fito kamar an harbo ta, ta cafke shi a gaɓar yatsa. Ya zabura, wuyan hannunsa ya goga furen. Sai ga babban mutum yana tsalle a falona, yana yarfa hannu, ruwan gishiri har cikin fayil.

Mai kitso ta ce, "Yallaɓai, ka taɓa shi fa. Da idona na gani."

"Ban taɓa shi ba! Shi ya taɓa ni!"

"To sai kwamiti ya tantance," in ji ta. "Ni dai bakina ba ya riƙe magana, kowa ya sani."

Na kawo masa tsumma, na ce, "Ɗan nan, me zai hana ka goge namiji ɗaya ka rubuta mace, kowa ya huta?"

Ya dube ni kamar na ce ya rushe ofishin. Wai gyaran kalma ɗaya sai da sa hannun mutum bakwai, ɗaya ya yi ritaya, biyu suna kwas, ɗaya kuma ba sa ga maciji da wanda ke sama da shi. Ya tsaya yana hura hannu, ya dubi mai kitso, ya dubi akwatin. Can ya zaro biro ya rubuta, yana faɗa da ƙarfi don mu ji: "An duba. Maza biyu, suna cikin ƙoshin lafiya."

Na ce, "Ƙwan fa?"

"Ban ga ƙwai ba. Tsakuwa ce."

"Allah Ya ƙara girma. Sai dai tsakuwar nan nan da kwana biyar za ta fara iyo. Su ɗari da wani abu ne, duk maza. In aiko auta ya kama layi tun yanzu?"

Ya suri bokitinsa ya fice, ya bugo ƙofa garam, ta cafke masa gefen riga. Muna ji yana ja, yana ja. Sai da ya buɗe ya zare, ya sake bugawa.