Fitilar Ribas ɗin Injiniya Daudu

Idan ana lissafa ni'imomin da Allah ya yi wa Kazaure, bayan duwatsu da dam sai a ambaci Injiniya Daudu. Shi ma haka yake lissafin, sai dai yakan sa duwatsun a na biyu. Shekara talatin da biyar ya yi yana jami'in sufuri a wata ma'aikata, babu motar da ta isa ta fita sai da amincewarsa. Sifana kam bai taɓa riƙewa ba, biro ya riƙe. Sunan Injiniya ma wani masinja ne ya laƙa masa ranar da yake neman hutu. Masinja ya samu hutu, suna ya zauna. Direbobi kuwa a bayan idonsa Sa-Hannu suke ce masa.

Tun da ya yi ritaya abu ɗaya ke cin ransa, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba: yanzu in ya shiga wuri babu mai miƙewa. Shi ya sa da ya ji direbobin tashar Gwiwa na neman uban ƙungiya, kuma shi da Alhaji Abu mai hatsi na Babura aka gayyata su yi jawabi ranar kasuwa kafin a zaɓi ɗaya, sai ya aika babbar rigarsa bugu. Ina mai awon gero, ina Injiniya?

Matsala ɗaya ce. Makon kiyaye haɗurra ƙungiyar take yi, duk motar da za ta shiga tasha sai an duba hon da birki da fitilu. Motar Injiniya kuwa ta girmi 'yarsa ta fari.

"Alhaji," in ji matarsa Hajiya Uwa, "farar fitilar bayan nan fa ta daina kamawa in kana ribas. Jiya saura ƙiris ka bi ta kan turmina."

"Hajiya, harkar inji ba harkar tuwo ba ce."

Ya faɗa, ya kuma ɗauki mukulli ya nufi wurin Muhammadu Lawal mai wayarin. Lawal tsohon direban ma'aikatarsu ne, wanda Injiniya ya taɓa ba shi takardar tuhuma har sau uku. Ya faka nesa da rumfar, kamar mai wucewa da ya tsaya gaisuwa, ya ce a ɗan leƙa masa wani ƙaramin abu da ba shi da lokacinsa.

Lawal ya duba ƙwai, ya duba fiyus, ya shige ƙarƙashin mota. Injiniya ya tattare riga ya ɗan rusuna, iyakar rusunawar da ta dace da mai matsayinsa. Ya ga Lawal ya zare wayoyi biyu daga wani ɗan ƙarfe a jikin giya ya haɗa bakinsu. Fitila ta kama fau.

"Ranka ya daɗe, suwic ɗin ne ya mutu. Shi ke kunna ta in ka sa ribas, shi ke kashe ta in ka cire. Ka bar motar zuwa gobe in sa sabo."

Rabin farko na maganar ne kawai ya shiga kunnen Injiniya, domin tuni ya hango makirci. Wato a bar motar Injiniya ta yini a rumfar mai wayarin, duk mai wucewa ya gani! Alhali gyaran gaba ɗaya haɗa waya biyu ne, ya gani da idonsa.

"Dama gwada ka nake yi, Lawal," ya ce. "Ba laifi, kana ƙoƙari."

A gida ya sa aka rufe ƙofa, ya shimfiɗa tabarma, ya kwanta ƙarƙashin mota karo na farko a rayuwarsa. Ya murɗe wayoyin wuri ɗaya. Da ya rasa salatif, sai ya ɗauko jan zaren ɗaure fayil daga cikin damin da ya baro ofis da shi, ya naɗe su tsaf, ya yi musu ƙulli mai kunne biyu irin na fayil ɗin sirri. Ya tsayar da Hajiya a baya, ya tada mota, ya sa ribas.

"Ta kama!" in ji Hajiya.

Ya kashe mota yana murmushi. Ko fitilar tana mutuwa in an cire giya, wannan tambaya ce ta ƙananan ma'aikata.

Ranar kasuwa hanya ta karrama shi. Duk mai babur da ya biyo bayansa sai ya ja baya, ya bar masa fili. Wajen Roni wani mai bas ya dinga danna hon yana nuni da hannu, Injiniya ya ɗaga masa hannu shi ma. A bakin tasha masu duba motoci suka ga mota tana tafiya gaba, fitilarta tana rantsuwa baya za ta. Suka kalli juna. Baƙo ne, babban mutum. Suka dare.

Ya faka dab da rumfar taro, bayan motar na kallon jama'a, ya bar ta a kunne saboda batirin ba abin yarda ba ne. Alhaji Abu ya yi jawabin minti uku, ya roƙi direbobi su rage gudu, ya zauna. Injiniya ya miƙe.

"Jama'a, mota amana ce! Ni da kuke gani, daga jin ƙarar inji nake sanin ciwonsa. Abin da ya kashe ƙasar nan shi ne aikin jagwal. Mutum bai san waya ba ya taɓa waya! A zamanina, wallahi, irin wannan ko tayar keke ba zan bari ya taɓa ba."

Direbobi wajen sittin suka saurara cikin natsuwa, idanunsu duk a gefensa na hagu. Ya ɗauka kunyar haɗa ido da shi suke ji.

Da ya gama, shugaban tasha Malam Maikasuwa ya matso da ladabi. "Allah ya ƙara girma. Injiniya, wa ya taɓa maka fitilar ribas? Tun da ka shigo take ci."

Injiniya ya waiga. Ga ta nan kuwa, fara tas, tsakar rana. Ya ji kujerar uban ƙungiya tana zamewa, ya cafki abin da ya fi kusa.

"Kun ga abin da nake faɗa! Wani Lawal ne a Kazaure. Tun yana ƙarƙashina haka aikinsa yake."

"Ga ni, ranka ya daɗe," in ji wata murya. Ashe Lawal ƙungiyar ta ɗauko ya duba mata fitilu a makon.

Lawal bai yi musu ba. Ya shige ƙarƙashin motar, ya ɗan jima, ya fito ya miƙa wa Maikasuwa jan zare, har da ƙullinsa mai kunne biyu.

"Shugaba, a tambaya mana ko wane ofis ne ya yar da wannan. Mu a rumfa salatif muka sani."

Babu wanda ya yi dariya da ƙarfi, domin mutanen Gwiwa na girmama manya. Kafaɗu ne kawai suka dinga rawa. Nan take aka yi wa Alhaji Abu addu'ar kama aiki.

Lawal ya ciro sabon suwic daga jakarsa ya ɗaura, don babu motar da za ta bar tasha a haka. Gwaji kuma sai da mutum a kan sitiyari.

"Ranka ya daɗe, shiga ka zauna. Kada ka taɓa komai sai na ce. Sa ribas. Cire. Ban ce ka sa ba tukuna! To, sa."

Injiniya ya sa.