Ranar da na cinye dambun surukai

Har in mutu ba zan taɓa mantawa ba da durƙuson da na yi a zauren su Hauwa'u a Maska, ina zuba farillan alwala kamar an kunna rediyo, alhali ba wanda ya tambaye ni. "Ya hanya?" kawai aka ce min. Na kawo biyar, na shida ya ɓace min ɓat.

Laifin Hauwa'u ne. Ita ta ce yayanta Dakta Bashir malamin addini ne a jami'a, kuma in bai yarda da ni ba babu maganar aure. Ni kuwa tun aji biyu na sakandare na gudu (gyaran babur, tallan waya, sarin tumatir a Funtuwa, ba wanda na daɗe a ciki). Sai na ɗauka jarrabawa zai yi min, na yi ta hadda.

"Na shidan cuɗawa ne," in ji Dakta, yana danne dariya. "Amma ƙanena, ba wannan nake koyarwa ba. Falsafar addini ce fannina."

"Wace ce kuma falsafa, ranka ya daɗe?"

Ya ce aikinsu bin diddigin tambayoyi. Misali, tsutsa ta cinye masarar mai sahun gaba a masallaci, ta tsallake gonar ɓarawon awaki. Masana sun daɗe suna rubutu kan irin wannan, shi ma a kai yake bincike.

Jama'a, wannan tambayar tana cina tun shekarar da gonar babanmu ta lalace! Duk wanda na yi wa sai ya ce in yi istigfari. Ashe akwai mai yin ta da allo da ɗalibai, har a biya shi albashi?

Ban san lokacin da na tashi daga durƙuso na haye tabarma ba. Ya ce jarrabawa ce daga Allah, na ce to ɓarawon fa? Ya ce ai wadata ma jarrabawa ce, na ce ni dai a jarraba ni da ita. Ina magana hannuna na kai da komo. Sai da cokali ya yi ƙara a gindin kwano na duba.

Dambun da aka kawo ne. Irin wanda mai neman aure ke cewa "alhamdulillahi, a ƙoshe nake" ko da yunwa na kashe shi. Na share shi tas, a gaban Baffa, ƙanen mahaifin Hauwa'u, wanda tun shigowata yake jan carbi a gefe.

"Ɗan samari," in ji Baffa, "a ƙaro ne?"

Takalmina ma a hannu na fita da shi.

Da la'asar Hauwa'u ta kira. Wai Baffa ya ce bai taɓa ganin suruki marar kunya irina ba, Yaya kuma ya ce ya fi son mai tambaya da mai hadda, in dawo Juma'a a sake zama. Darasin da na ɗauka: in za ka gidan surukai, ka fara cika cikinka a gida.

Na tura mata saƙo: "Ki ba Baffa haƙuri, Juma'a da azumi zan zo. Sannan ki ce wa Yaya maganar ɓarawon nan fa ba mu gama ba."