Rasuwar Oba-oba Mai Doguwar Eriya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ban yi niyyar ɓoyewa ba, ni Ɗangana na Deule nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar oba-obata, wadda aka fi sani da Mai Doguwar Eriya.

Marigayiya ta yi rayuwa mai amfani. A kwarinmu, inda rezo, wato sabis ɗin waya, bai taɓa leƙowa ba, ita ke kawo muryar ƙanena Mukhtar daga kan tudu duk sanda ruwa ya sauka a can. Da an ji “Kshhh... ƙorama ta taso, ƙorama ta taso!” sai mu kwashe yara da dabbobi daga hanyar ruwa. Ba ta taɓa yi mana ƙarya ba.

Ba tsufa ya kashe ta ba, kashe ta aka yi. 'Yar'uwarta da ke hannun Mukhtar ta faɗa rijiya, ya tafi kasuwar Madawa ya sayo wata don kawai kalarsu ɗaya. Bai tambayi zangonta ba. Ashe kowace oba-oba da zangon da aka yi ta a kai. Tamu mitarta ƙasa take, shi ya sa eriyarta ke da tsawo, sabuwar kuwa can sama take magana. Muka yi ta kira, ba mai jin wani.

Sai Kalla mai gyaran salula ya rantse zai daidaita su. Daidaitawar ita ce ya sa almakashi ya datse eriyar marigayiya ta yi tsawo ɗaya da ta baƙuwar! Na danna na yi sallama, ta yi zafi, ta yi ƙauri, ta ce “tsss”. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Ban yafe ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da batir mai sauran ƙarfi, da guntun eriyar da har yau Kalla bai ji kunyar riƙewa ba.

Za a yi jana'iza ranar Laraba bayan la'asar, a bayan rumbuna. Kalla ya yi zamansa, ba a gayyace shi ba. 'Yan'uwa na tsallaken ƙorama kuwa, in kun ga hadari ta wajen tudu, ku bari kawai, na karɓi gaisuwarku daga nan. Yanzu babu mai gaya muku ruwa na tafe.