Babban Injiniya da Motar da Ta Yi Zazzaɓi

Allah bai hana unguwar nan manyan mutane ba, amma duk cikinsu babu kamar Babban Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don haka babu mai shakkar ingancinsa. Ya daɗe yana aiki a ofishin sufuri, inda yake riƙe da makullin ɗakin ajiyar tayoyi, kuma kowa ya san wanda ya tsufa kusa da taya babu abin da injin zai ɓoye masa. Bai taɓa kwance noti ba. Ba ya bukata. Kunne yake karawa a jikin mota, ya lumshe ido, ya faɗi cutarta, kuma har yau ba a sami motar da ta buɗe baki ta ƙaryata shi ba.

Da masu motocin unguwar suka kafa ƙungiya, aka zaɓe shi shugaba ba hamayya, domin sauran duk suna da aikin yi. Bai ɓata lokaci ba ya sa aka ƙera masa allon ƙarfe mai faɗin ƙofar firji, aka rubuta muƙamansa layi bisa layi, aka ɗaure a goshin motarsa, daidai kan ragar da iska ke bi ta sanyaya lagireto. A makon ne motar ta fara zafi.

Ya kai ta garejin wani bakanike da ake wa laƙabi da Haka-Ne, mutumin da ya gano tun yana saurayi cewa gardama da mai mota ba ta cika ciki. Babban Injiniya ya tsaya hannu a baya, ya tara yaran gareji da masu jiran gyara, ya yi musu jawabi.

"Injin kamar ɗan Adam yake. Jahili kan ga zafi ya ce zafi ne. Masani kan tambayi zafin daga ina ya fito, wa ya aiko shi. Ni da na ji ƙarar nan na san lagireto ne ya toshe."

Haka-Ne ya dubi allon, ya dubi mai allon, ya ce haka ne. Aka sauya lagireto. Motar ta ci gaba da zafi. Babban Injiniya ya bayyana cewa dama ya san fanka ce, gwada su yake yi. Aka sauya fanka. Bayanta aka sauya fanbel mai juya ta, aka sauya famfon ruwa, aka sauya duk wani tiyo da ke cikin injin, har da wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Duk lokacin da za a yi aiki sai Haka-Ne ya kwance allon don hannunsa ya shiga, ya tayar da motar, ta yi sanyi lau. Sai mai ita ya ɗaga hanci ya ce ai ya faɗa. A mayar da allo, a goge shi da tsumma, ya kama hanya. Kafin ya kai gida tana tururi kamar tukunya.

Uwargidansa ce kaɗai ta yi ƙarfin hali. Tana shanya kaya a tsakar gida ta ce ita dai a ganinta tun da aka rufe wa motar nan hanci take haki. Ya yi murmushin tausayi, ya tambaye ta a wace jami'a aka koya mata cewa muƙami na sa zazzaɓi. Ta ci gaba da shanyarta.

Daga ƙarshe ya kai ga gaskiyar da ta gagari masana: motar lafiyarta ƙalau, allurar da ke nuna zafi ce ke masa hassada. Ya yanko baƙin salatif ya manne a kanta. Tun daga nan allura ba ta sake tashi a gabansa ba.

Ana haka aka kira babbar 'yarsa ganawar neman aiki a wani gari, aikin da ta daɗe tana nema. Ta roƙe shi ya bari ta shiga motar haya. Ya ce 'yar Shugaba ba ta sauka a tasha kamar buhu, shi zai kai ta har ƙofar ofishin, su ga gidan da ta fito.

A tsakiyar wani hawa mai tsawo motar ta yi tari, ta tsaya, hayaƙi fari ya turnuƙe gilashi. 'Yar ta ce, "Baba, don Allah ka bari ta huce." Ya ce mata wanda ya san injin ba ya jiran injin. Ya naɗe hannun riga ya murɗe murfin lagireto. Tafasasshen ruwa ya yi sama da hularsa, ya sallami rabin gashin bakinsa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: don ya hukunta injin, ya juye masa jarkar ruwan sanyi a ka. Aka ji ƙas, kamar an fasa tulu.

'Yar ta dubi agogo, ta rungumi takardunta, ta tsayar da wata motar ɗaukar kaji, ta shige gaba kusa da direba. Haka ta isa ganawar da gashin kaza a mayafi, kuma aka ɗauke ta. Babban Injiniya ya ce da ma ya shirya hakan ne don ta koyi dogaro da kai.

Shi kuwa da igiya aka jawo shi gida, yana zaune a bayan sitiyari, yana ɗaga wa mutanen unguwa hannu. Haka-Ne ya leƙa ya ce kan injin ya tsage, sai dai a sayo wani. Wannan ne karon farko da ya faɗi abin da ba a riga shi faɗa ba, kuma a kansa Babban Injiniya ya sallame shi daga gyaran motarsa.

Yanzu motar tana gindin bango, an ɗora ta a kan bulo. Duk wanda ya zo gaishe shi sai Babban Injiniya ya ja shi wurinta, ya dafa murfin injin, ya ce baƙon ma ya taɓa ya ji.

"Bakanikai sun yi iya yinsu sun kasa. Da na sa hannuna da kaina, ba ta ƙara zafi ba."

Kuma a nan, ko maƙiyinsa ba zai ce ya yi ƙarya ba.