Rasuwar Mailafiya, Kwampresar Malam Mikail

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya a kan baƙin cikin, Malam Mikail mai fentin hoda na Ƙofar Kabuga yake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar kwampresarsa, wadda aka fi sani da Mailafiya. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana tsakiyar hura iska, bayan hidimar shekara goma sha tara.

An yi mata kyakkyawar shaida. Ba ta taɓa ƙin tashi ba in dai an kawo wuta. In cikinta ya cika sai ta ja dogon numfashi, "fissss," ta yi shiru kamar dattijuwar da ta idar da lazimi. Da numfashinta aka fesa hoda a kan tagogi da ƙofofin alminiyam daga Koki har Goron Dutse, aka gasa su a tanda suka fito sumul.

Ta bar bindigar feshi ɗaya, da tiyo mai faci uku, da tandar da tun ranar ba a kunna ta ba.

Marigayiya ta ɓoye ciwonta wata bakwai. Abin da aka gani kawai, firam ɗin taga ya shiga tanda lafiya, ya fito da 'yan ramuka kamar mai zanzana. Duk ɗan sana'ar nan ya san maiƙo ke kawo haka, sai dai daga ina? Malam Mikail ya sauya hoda. Ya sauya sinadarin wanki. Ya kwara ruwa a jikin ƙarfe, ruwan ya kwanta bai tsaya ɗigo-ɗigo ba, alamar wanki ya fita tas, amma ya ƙaryata idonsa. Bai taɓa zargin Mailafiya ba, don ido ba ya ganin laifin abin so.

Ƙarshe ya dira a kan Muttaka mai wankin ƙarfe, mutumin da suka sauke kwampresar nan daga mota tare ranar da aka sayo ta. Laifinsa son turaren mai, ba ya fita daga gida sai ya murza a tafin hannu. Muttaka ya bar turaren, ya sa safar hannu, har musabaha ya daina a wurin aiki. Zanzana ba ta fasa fitowa ba.

"Malam, a duba iskar nan mana," in ji Muttaka.

"Iska ce ke shafa turare?" Malam Mikail ya daka masa tsawa a gaban jama'a, ya sallame shi. Bai tsaya nan ba. Duk shagon da aka tambaye shi, sai ya ce hannun Muttaka ba ya rabo da maiƙo. Yanzu Muttaka rake yake sayarwa, da furfurarsa.

Sai da ta cika Ɗanjuma makanike ya buɗe cikinta, ya tarar ringin da ke tare mai ya cinye, baƙin mai na bin iska har bakin bindiga. Ya goga farin ƙyalle a cikin tiyo, ya fito da tabo. Gwajin minti ɗaya ne, kuma ƙyallen kullum yana rataye a shagon.

Tun ranar Malam Mikail ba ya iya zama a shagon shi kaɗai. Da rana tsaka sai ya ji "fissss" daga kusurwar da take kwance, babu wuta babu waya, sai ƙamshin turaren nan ya biyo baya. Maƙwabta sun ce ba su ji komai ba. Tsoro yake ji, ya rame, ya san akwai haƙƙin mutum a wuyansa.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar bayan azahar, a amalanke. Kafin a kai ta wurin 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, za a tsaya a duk shagon da aka ɓata sunan Muttaka, Malam Mikail ya nuna ƙyallen, ya janye maganarsa da bakinsa. Daga nan sai Koki, ƙofar gidan Muttaka. Sau biyu Malam Mikail ya je neman gafara aka ce mai gidan ba ya nan, alhali ga takalmansa a zaure. Wannan karon za a ajiye gawar a ƙofar gida, ba za a ɗaga ta ba sai ya fito.

Ana roƙon masu rakiya kowa ya zo da tabarmarsa.